Geza a Hagu

Yayata Murdina ba ta taɓa ɗaga wa ɗanta murya ba. Mutanen garinmu kan faɗi haka kamar abin yabo, ni kuwa da muke gida ɗaya da ita na san ba haƙuri ba ne. Murdina in ta ƙullace ka, ƙara maka abinci take yi, har ta tambaye ka ko gishiri ya ji.

Ita ce mai ɗinkin kilt, zanen ulu mai ninki da mazanmu ke ɗaurawa a ƙugu ranar taro, a duk gaɓar tekun nan tamu, tun daga garin Kyle har inda kwalta ta ƙare. Da wuya ka sami namijin da ya yi aure a nan bai durƙusa a kicin ɗinmu an auna shi ba. Da hannu take ɗinki, a kan teburin da muke cin abinci, ni kuma guga ce tawa: ta kama ninki, in shimfiɗa jiƙaƙƙen ƙyalle in danne da dutse har ulun ya kwanta. Ban yi aure ba, gidan kuma nata ne, saboda haka na koyi kama bakina. Ba kullum yake kamuwa ba.

Ɗanta ɗaya ne, Finlay. Yana ɗan shekara goma sha tara mijinta Torquil Matheson ya hau dutse neman tumaki, bai dawo ba. Finlay ne ya gano shi a cikin wani kwazazzabo, hankaki sun riga shi zuwa. Shi kaɗai ya goyo gawar har bakin hanya, amma wannan babu mai tunawa.

Ranar jana'iza ake tunawa. A wancan zamanin mu mata ba ma zuwa maƙabarta, muna gida muna yanka burodi da dafa ruwa. Maza ke ɗaukar akwati, 'yan uwa na jiki kuma su riƙe igiyoyin da ake saukar da shi cikin rami. Igiyar kai ta babban ɗa ce, wannan ko tambaya ba a yi. Finlay ya bi akwatin ubansa har ƙofar shinge, a nan ƙafafunsa suka ƙi tafiya. Maza suka tsaya da kaya a kafaɗa suna jiransa. Sai ya juyo, ya shigo kicin cikinmu, ya zauna a kan akwatin gawayi, fuska fari fat. Wata tsohuwa ta ji tausayinsa ta miƙa masa butar shayi, wai ko hannunsa ya sami abin riƙewa. Haka maza suka dawo suka tarar da shi yana zuba wa mata shayi. Hector, ɗan wan Torquil, shi ya riƙe igiyar kai, kuma har yau in ya sha ya yi tatil sai ka ji labarin nauyinta.

Sati bai zagayo ba gari ya raɗa masa suna Buta. Bai daɗe ba ya tattara ya tafi Glasgow, ya zama direban bas, ya yi aure, ya haifi 'ya, Rhona, matar ta rasu ta bar masa ita. Duk bazara yana zuwa. Duk bazara Murdina ta gyara masa ɗakin baƙi, ta fito masa da kofunan da ake fito wa fasto da su, ta tambaye shi ya hanya. Shi kuma ya gyara rufi, ya share bututun hayaƙi, ya yi ta kallon bakinta yana jiran abin da ba ya zuwa. Ni abin haushi yake ba ni, na rasa wanda zan fara shaƙewa a cikinsu.

Shekarar da nake ba da labari, ya zo tun kafin bazara, lokacin haihuwar tumaki, ba lokacin zuwansa ba. Ya yi furfura a gefe, ya ajiye tumbin masu zaman mota. Muna kan tebur ya yi ta juya cokali a kofi har na ce masa in rijiya yake haƙa ya fita waje.

"Mama," ya ce, "Rhona za ta yi aure. Tana so a yi a cocinmu, inda kakanta ya yi nasa."

"Coci ai ba nawa ba ne."

"Ni zan riƙe hannunta in kai ta gaba. Shi ne na ce ko…" Ya ɗaga kai ya dubi silin, wajen da akwatin kayan Torquil yake a sama. "Ko kilt ɗin Baba yana nan."

Na ajiye wuƙata. Tun ranar jana'iza babu wanda ya ambaci kilt ɗin nan a gidan. Murdina ta ci gaba da shafa man shanu a burodinta, a hankali, har gefe-gefe.

"Yana nan," ta ce. "Ina zai je?"

"In ba ki so, Mama, wallahi ba komai, sai in yi haya."

"Ɗan Matheson da kilt ɗin haya, ina raye? Rana ta ci shi, sai an juya. Tashi ka durƙusa."

Haka ake awo, mutum ya durƙusa a kan gwiwoyinsa, a auna daga cibiya zuwa ƙasa. Ƙaton mutum ya zube a gaban uwarsa a kan ledar kicin, ta zagaya shi da tef, hawaye na bin kumatunsa yana ƙoƙarin haɗiyewa. Rabon da hannunta ya taɓa jikinsa ni dai ba zan iya tunawa ba.

"Ka fi shi tumbi," ta ce, tana rubutawa da alli a gefen tebur. "Kafaɗar ce dai babu. Miƙe bayanka."

Ya yi dariya kamar ta yi masa kirari. Ni ma, tsohuwar banza, na shiga ɗakin ajiya na share idona da gefen riga, na ce yau dai Murdina ta sauko.

Juya kilt ba ƙaramin aiki ba ne. Warware shi ake yi kaf, yadi takwas na ulu mai nauyi, a mai da cikin da rana ba ta gani ba ya koma waje. Ko 'yar koyo ta san in an juya yadi komai ya juya, abin da ke dama ya koma hagu. Don haka sai a cire gezar, wato zaren da ke lilo a bakin yadin, a kai ta ɗaya ƙarshen, a sauya wa maɗauran fata wuri, saboda kilt ɗin namiji a dama yake rufewa, gezarsa a kan cinyar dama. Wanda ya rufe a hagu siket ne, irin wanda ni da ita muke sawa ranar Lahadi. A garinmu yaron da bai iya ɗaura takalmi ba ma ya san wannan.

Ban taɓa ganin ta ba wani aiki zuciyarta kamar wannan ba. Ta mai da aikin mutane gefe, har da na wani ango da uwarsa ke ta yi mana sintiri. Da ta shimfiɗa yadin, cikin nasa ja ne jawur kamar ranar da aka saƙa, da ratsin kore da shuɗi na gidan Matheson. Ta ƙirga zare, ta sa alli, ta kama kowane ninki a kan ratsi ɗaya, ta bi shi da ɗinkin da ko ka kai ido kusa ba za ka ga inda allura ta shiga ba. In ninki ya kauce da kaurin zare, ta farke ta sake. Tana yi tana rera zabura ƙasa-ƙasa. In na shigo da kwandon ƙwai na gan ta a bakin taga, tabarau a kan hanci, sai in ji ina sonta kamar lokacin da muke yara.

Ranar da ta miƙo mini shi don gugar ƙarshe, na ɗaga shi sama in ga yadda ya zuba. Na duba, na sake dubawa. Na kara shi a ƙuguna don in tabbatar ba ni ce na ruɗe ba.

"Murdina, kin manta ba ki mai da geza ba."

"Ban manta ba."

"A hagu take fa."

"Ina da ido."

"Siket kika ɗinka wa yaron nan?"

"Wane yaro? Mutum da furfurarsa." Ta ciji zare ta tofar. "Ranar da aka raba maza da mata a gidan nan, shi ya zaɓi inda zai zauna, ba ni na zaɓa masa ba. Ni tela ce, Ishbel. Abin da ya dace da mutum nake ɗinka masa."

"Ke ko kunya ba ki ji? Shekararsa nawa a lokacin? Wa ya ɗauko miki mijin daga kan dutse, ke ce ko Hector?"

"Ɗauko shi daga dutse ko doki zai iya. Igiya ce ba a ba doki." Ta cire tabarau ta dube ni. "A tagar nan nake tsaye. Na ga maza tsaye da Torquil a kafaɗa, suna jiran ɗansa, ruwa na dukansu. Na ga ɗan nasa ya juya masa baya. Mijina ya shiga rami kansa a hannun ɗan wani. Ke ba ki taɓa binne miji ba, kada ki gaya mini abin da ya isa."

Wannan ta ƙarshen ta shige ni, kuma don ta shige ni ta faɗe ta.

"Zan gaya masa," na ce.

"Gaya masa mana. Ce miki aka yi ɓoyewa nake? Dutsenki zai huce."

Na zare wayar dutsen daga bango na ce ba da hannuna ba. Ta mayar ta yi gugar da kanta, kuma abin takaici, ta fi ni iyawa. Da ta fita ba kaji hatsi na juya shi ciki da waje ina neman hanyar gyara, babu. Ta riga ta yanke rarar yadin da ke cikin ninki, ta huda ramin maɗauri ta ɗaje bakinsa. Yadin da aka yi wa haka sau biyu ba ya sake juyuwa. Kilt ɗin Torquil ya ƙare, kuma matarsa ce ta ƙarar da shi.

Ana saura sati biyu biki Finlay ya zo gwaji. Ya shiga ɗaki da shi a hannu kamar ya ɗauki jariri, ya fito ya tsaya a tsakiyar kicin ya naɗa. Ina kallon hannunsa. Ya tafi dama bisa sabo neman maɗauri, ya shafa, bai samu ba. Ya ɗan tsaya. Sai ya koma hagu ya ja fata ya ɗaure.

"Juya," in ji Murdina. Ya juya. Ta ja nan, ta daidaita can. "Ya matse ka?"

"A'a, Mama. Ya yi daidai. Na gode."

Ban iya zama ba. Da ya fita sa jaka a mota na bi shi, ko mayafi ban ɗauka ba, iska na neman ɗage ni.

"Finlay, kai makaho ne ko wawa?"

"Anti Ishbel, tun ban shiga makaranta ba nake zura mata zare a allura. Na gani tun yana rataye, kafin in taɓa shi."

"To ka wuce Inverness ka yi haya kamar kowa. Ko ka sa kwat da wando, babu wanda zai mutu."

"In na shigo da na haya, me za ta ce? Ta ce ga shi nan, ya sake juyawa a ƙofar shinge."

"Ta ce mana! Bakinta ne. Kai sai ka tsaya gaban gari a cikin siket don kada tsohuwa ta yi magana?"

Ya jingina da mota yana kallon tagar kicin. Tana ciki tana goge tebur, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Wata biyu ta zauna tana ɗinka mini abu, Anti. Kin san rabon da ta ɗinka mini ko maɓalli? Gwada ni take yi. So take ta ga ko zan iya shiga cikin mutane, ana kallona, in je har ƙarshe ban juya ba. In na yi, shi ke nan, ta huce. Rana ɗaya ce fa."

"Rhona fa? Ranarta ce, ba taka ba."

"Rhona 'yar birni ce, ba ta san gefen da ake rufewa ba. Dangin angon ma haka, su duk na haya za su sa. Mutanenmu kuwa su yi dariyarsu, ai sun saba."

"Ba ka san uwarka ba."

"Ke ce ba ki san ta ba," ya ce, yana murmushi, ya sumbace ni a goshi. Na so in mare shi, na so kuma in rungume shi, ban yi ko ɗaya ba. Na tsaya har motarsa ta sha kwana.

Ranar biki gari ya yi haske, abin da ba mu cika samu ba. Coci ya cika, mu a gefe ɗaya, mutanen Glasgow a ɗaya gefen, mazansu cikin kilt ɗin haya, na wani ya rufe gwiwa, na wani kamar an ɗinka wa ƙaninsa. Mai busa ya tsaya a ƙofa, aka miƙe. Finlay ya shigo da Rhona a hannu. Yarinyar kamar a sace, sai murmushi take, tana ɗan jingina da ubanta.

Gefen baƙi amarya suke kallo. Gefenmu kuwa na ga kawuna suna sauka ɗaya bayan ɗaya zuwa cinyar Finlay ta hagu, inda geza ke lilo. Benci dai ya yi ta ƙara, wannan ya zunguri wancan, wata ta toshe baki da safar hannu, Hector ya yi wani tari da ba na mura ba. Cocinmu ƙarami ne, amma ranar nan hanyar tsakiyar ta yi mini tsawo. Wuyan Finlay ya yi ja har kunne, gumi ya jiƙa masa kwala, amma bai rage tafiya ba, bai sunkuyar da kai ba. Ya kai 'yarsa har gaban fasto, ya miƙa hannunta, ya dawo ya zauna kusa da uwarsa. Na yi alfahari da shi, ba zan ɓoye ba. Murdina na zaune cikin hularta ta Lahadi, ido a kan mumbari, ba ta matsa masa ba, ba ta kuma matso ba.

A ɗakin taron gari aka yi walima. Romon rago da sha'ir, kifi, dankali, wiski kuma kamar daga famfo. Ana cikin ci Hector ya taso da kofi a hannu, ya zagayo ta bayan teburinmu.

"Buta! Ashe kana nan. Ka ga 'yan mata, wa ya yi miki wannan kwalliya?" Ya kama gezar da yatsa biyu ya ɗaga. "An riga an nemi rawar farko, ko in sa kai?"

Maza suka fashe da dariya, irin wadda aka daɗe ana dannewa. Baƙi ma suka taya, ba su san dalili ba. Finlay ya yi yaƙe ya ce, "Ka makara, Hector, layi ya yi tsawo."

Sai Jessie, matar Hector, ta miƙe. Mace ce mai kirki, ban san laifin da ta yi aka haɗa ta da shi ba.

"Kai Hector, dawo ka zauna ka rufa wa kanka asiri. Ba ka ga juya shi aka yi ba? Kuskure ne. Murdina ta haura saba'in, ido ba kamar da ba. Wa ya fi ƙarfin mantuwa?"

Ka ga yadda mutane suka cafke maganar nan. Aka yi ta gyaɗa kai, ai haka ne, ai juyi akwai ruɗi, ai ko wance ta taɓa yin haka. Har waɗanda suka fi kowa dariya suka koma tausayin tsohuwa. Mutanenmu suna son cin naman mutum, amma sun fi so a ba su hanyar wanke hannu bayan sun ƙoshi. Na saci kallon Murdina. Tana cire ƙaya daga kifinta tana jerawa a bakin faranti.

Da aka zo jawabin uban amarya, Finlay ya miƙe da kofinsa. Ya gode wa baƙi da suka sha hanya, ya yi wa angon barkwanci, ya ambaci marigayiya matarsa har Rhona ta share ido. Sannan ya dafa ƙugunsa.

"Wannan da kuke gani na mahaifina ne, Torquil Matheson. Da yawanku kun san shi, kun kuma san abin da na kasa yi masa." Ya shafa yadin. "Mama ce ta warware shi ta sake ɗinkawa da hannunta, ninki-ninki. In maɗauri ya faɗa wani gefe, laifina ne, ni na matsa mata da gaggawa. Ban taɓa sa abin da na yi alfahari da shi kamar wannan ba." Ya juyo gare ta. "Mama, na gode."

Aka ɗauki tafi. Matan garinmu, waɗanda da bakinsu suka raɗa masa Buta, suna ta fyace hanci. Shi kuwa bai zauna ba, yana tsaye yana kallonta. Ya sa abin da ta ɗinka, ya je har ƙarshe, ya kuma rufa mata asiri a gaban gari. Abin da ya rage mata ta gyaɗa kai kawai. Na sa hannu ƙarƙashin tebur na damƙe gwiwarta, ina roƙonta da yatsuna.

Ta ture hannuna. Ta goge baki da ƙyalle, ta ninke shi, ta dafa tebur ta miƙe. Mutane suka yi shiru da murna, suna tsammanin albarka za ta sa.

"Jessie, na gode da tausayi, amma ki riƙe abinki. Idona garau yake." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa bukata ba. "Tun ina budurwa nake ɗinki, ban taɓa ɗora maɗauri inda ban yi niyya ba. Duk namijin da ke ɗakin nan da na ɗinka wa ya shafa ƙugunsa ya ji."

"Mama," in ji Finlay, a hankali.

"Kilt ɗin Torquil na ɗan da ya riƙe masa igiya ne. Bai bar irin wannan ɗan ba. Abin da ya bari shi na ɗinka wa siket, kuma kun gani, ya yi masa kyau."

Ta zauna, ta jawo farantin tuffa da madara, ta ɗauki cokali.

Hector kansa cikin kofinsa yake kallo. Sai raɗa ta fara daga ƙarshen ɗaki, inda namu ke zaune da baƙi, kana ganin bayanin yana tafiya tebur-tebur, kai na karkata zuwa kunne, ido na sauka kan geza. Uwar ango ta dafe ƙirji. Wani saurayi cikin abokan ango ya tuntsire, aka harare shi, ya ƙara tuntsirewa. Finlay na nan tsaye, kofi a sama, kamar ya manta yadda ake zama.

Rhona ta ja hannun rigarsa. Ina kusa, na ji komai.

"Baba, me take cewa? Wace igiya? Siket ne?"

Ya gyaɗa kai.

"Ba ka sani ba, ko? Ce mini ba ka sani ba."

Finlay bai taɓa iya ƙarya ba sai in don uwarsa ce.

"Ka sani," ta ce. "Ka sani, ka riƙe hannuna ka kai ni gaban coci a haka, ana ta yi mana dariya, ni ina washe baki. A ranar aurena, Baba."

"Rhona, tsaya in…"

Ta saki rigarsa.

Mai goge, don ya ceci taro, ya buga ƙafa ya ja kiɗa. Aka ja tebura gefe da sauri, kowa na murnar samun abin ɗauka. Amarya da ango suka yi tasu rawar, ita fuska a murtuke. Bayanta sai ta uba da 'ya, wannan kuma ba a tsallakewa. Mai goge ya kira su har sau biyu. Rhona ta miƙa masa yatsu, ba hannu ba, suka shiga fili. Tana rawa tana kallon bango ta saman kafaɗarsa, shi kuma yana bin kiɗa daidai, ƙafa na yin abin da ta saba, hawaye na zuba bai ko share ba. Babu wanda ya shiga ya taya su. Su biyu kawai a tsakiyar ɗaki, gari ya zagaye su.

Na juya wajen yayata. Raina ya ɓaci har ina jin ɗaci a harshe.

"Kin huce yanzu?" na ce. "Ya yi duk abin da kike so. Kin raba shi da ubansa, yau kin raba shi da 'yarsa. Kin huce?"

Ba ta ma ji ni ba. Ta sa tabarau, ta ɗan karkatar da kai, tana bin Finlay da kallo duk inda ya juya. Kiɗa ya yi sauri, ya zagaya da yarinyar, jan yadin ya buɗe a bayansa ya kaɗa ya koma ya rufe. Na ga fuskarta ta saki, har da ɗan murmushi, na farko da na gani tun safe. Ta taɓo ni da gwiwar hannu.

"Dubi bayan nan, Ishbel. Ko ninki ɗaya bai kauce ba."

Na duba. Bai kauce ba.